Na ɗora tagwayen LNB a farantin mita 1.8, ido ɗaya ne kawai ya kama

Baban Hafsa, Hotoro, Kano:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin satalayit a kan wata matsala da ta hana ni sukuni tun ranar Asabar. Shekara huɗu ke nan ina amfani da faranti mai santimita 90 a kan tauraron Nilesat, kuma bai taɓa ba ni wahala ba sai idan an yi ruwa mai ƙarfi. A watan jiya na sayi babban faranti mai mita 1.8, irin mai ɓangare shida da ake haɗawa da noti, wanda LNB, wato na'urar da ke karɓar siginar da faranti ya tara, ke tsayawa a tsakiyarsa a kan ƙafafu uku, domin in kama tauraron Badr da ke digiri 26 gabas, wanda ƙaramin ya kasa kamawa. A shagon da na saya aka ba ni wani LNB mai ido biyu a jiki ɗaya, aka ce da shi zan haɗa Badr da tauraron digiri 28.2, ko kuma da na digiri 16, duk wanda na ga dama. Yaron da ya zo ɗaurawa ya yini a kan rufi daga hantsi har bayan la'asar. Ido ɗaya ya kama Badr, amma da inganci kaɗan, hoton yana tsattsagewa, ido na biyu kuwa ƙarfi yana nuna 78, inganci sifiri, duk yadda aka juya shi. A jikin kwalin an rubuta digiri 6. Shin LNB ɗin ne jabu, ko farantin ne bai haɗu daidai ba? Burina shi ne Badr, da digiri 16 saboda tashoshin Hausa da Hajiya ke kallo, da digiri 28.2, kuma idan zai yiwu har da Nilesat, duka a kan babban.

Sarkin Walda, Kaduna:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Kayanka ba jabu ba ne, amma ba na farantinka ba ne. Na sha ganin irin wannan tagwayen a hannun mutane, kuma ban taɓa ganin ya yi aiki da ido biyu a kan faranti mai ɓangare shida ba. Ka ajiye shi, ka nemi LNB ɗaiɗai, a ƙera maka ƙarfen da zai riƙe su.

Malam Injiniya, Samaru, Zariya:
Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Maganar Sarkin Walda daidai ce, amma ina so in bayyana dalilin, domin idan Alhaji ya fahimce shi ba za a sake sayar masa da abin da bai dace ba, kuma zai iya sa ido a kan aikin da za a yi masa.

Wannan tagwayen an ƙera shi ne saboda mutanen Turai. A can akwai taurari biyu da kusan kowane gida ke so, Astra a digiri 19.2 gabas da Hotbird a digiri 13 gabas, tazararsu digiri 6 da ɗan ɗoriya. Masu ƙera shi sun auna nisan da ya kamata ya kasance tsakanin idanu biyun idan an ɗora su a faranti mai kimanin santimita 80, suka samu abin da ya kai santimita 6, suka zuba shi a jiki ɗaya yadda ba ya matsawa. Saboda haka digiri 6 da aka rubuta a kwali gaskiya ne a kan wancan farantin kawai. Abin da ke jikin LNB ɗin santimita ne, ba digiri ba, kuma farantin ne ke yanke digiri nawa santimitar za ta zama.

Kowane faranti yana da wurin da yake tattara sigina, kuma nisan wannan wuri daga gindin farantin yana ƙaruwa idan farantin ya girma. Idan tauraro ya kauce daga inda farantin ya fuskanta, wurin tattarawar ma yana kaucewa gefe, kuma gwargwadon tsawon wancan nisan, gwargwadon yadda zai kauce. Shi ya sa ƙarfen da ya yi aiki a ƙaramin faranti ba ya aiki a babba sai an buɗa tazarar.

Alhaji, ina roƙonka ka yi mana awo biyu. Ka miƙa zare daga baki zuwa baki ta tsakiyar farantin ka auna faɗinsa, sannan ka auna zurfinsa daga zaren zuwa gindi. Da su za mu yi lissafi maimakon hasashe.

Baban Hafsa:
Allah ya saka da alheri Malam. Na hau da kaina bayan sallar asuba. Faɗin santimita 180 ne cif, zurfin kuma 30. Na kuma lura da wani abu: da na miƙa zare na biyu ya gitta na farko, ba su taɓa juna ba, akwai tazarar da yatsana ya shiga tsakaninsu. Ko wannan yana da ma'ana?

Malam Injiniya:
Yana da ma'ana ƙwarai, kuma madalla da ka lura da shi. Farantin da ya haɗu daidai, zare biyun da suka gitta suna shafar juna ne a tsakiya. Idan yatsa ya shiga tsakaninsu, farantin ya murɗe, wato ɓangarorin shida ba su zauna a siffa ɗaya ba. Tsawon igiyar sigina a zangon Ku, wanda waɗannan taurari ke aiko da sigina a kansa, kimanin santimita 2.5 ne kacal, don haka karkacewar santimita ɗaya a bakin faranti babbar hasara ce. Yawanci abin da ke jawo wannan shi ne a ɗaure notin ɓangare ɗaya tamau kafin a jera sauran. Maganinsa a sauke farantin, a kife shi a kan daɓe wanda yake a miƙe, a sassauta dukan notin, a bar bakinsa ya kwanta a ƙasa ko'ina, sannan a riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan ana zagayawa. Wannan shi ne aikin farko, kafin a yi maganar LNB ko ɗaya.

Yanzu lissafin. Ana ninka faɗi da kansa, a raba da zurfi sau 16. Wato 180 sau 180 ya ba da 32,400, zurfi 30 sau 16 ya ba da 480, idan aka raba sai a samu 67.5. Ke nan bakin LNB na tsakiya zai tsaya santimita 67.5 daga gindin farantin. Ka auna ka gani ko ƙafafun uku sun kai shi nan.

Sai tazarar gefe. Taurarin nan suna jere ne a kan layi ɗaya a saman tsakiyar duniya, wato layin ikwaita, kilomita 35,786 daga ƙasa, kuma digirin da ake kiran su da shi daga cibiyar duniya aka auna. Mu da muke bisa doron ƙasa mun fi kusa da su, saboda haka tazarar tana buɗewa a idonmu: digiri 10 da ke tsakanin 26 da 16, daga Kano kusan digiri 11.6 ne. A farantinka kowane digiri ɗaya na waɗanda ake kiran taurarin da su yana zama kimanin santimita ɗaya da rabi a wurin LNB. To ka ga tagwayenka mai santimita 6 ya koma na digiri 4. Idan ido ɗaya yana kan 26, ɗayan yana duban wajen 22 ko wajen 30, inda babu abin da kake nema. Digiri 28.2 yana buƙatar santimita 3 zuwa 3.5, digiri 16 kuma yana buƙatar 14 zuwa 16. Tagwayen ya yi wa na farko faɗi, ya yi wa na biyu kaɗan.

Ƙarfin 78 da dikoda ke nunawa kada ya ruɗe ka. Yana nufin LNB yana samun wuta kuma waya ba ta yanke ba. Ko bango ka fuskantar da shi zai nuna haka. Inganci ne kaɗai ke shaida an kama tauraro.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Malam Injiniya, na fahimci maganar ido na biyu, amma me ya sa ido na farkon ma, wanda ya kama Badr, bai kawo inganci mai kyau ba? Murɗewar farantin kaɗai ce? Ina tambaya ne domin a nan Maraɗi na ɗora wa mutane da dama irin wannan farantin, kuma na lura LNB na ƙananan faranti ba ya fitar da abin da girman farantin ya kamata ya bayar, ko da an haɗa shi daidai.

Malam Injiniya:
Abin da ka lura da shi gaskiya ne, ɗan'uwa, kuma shi ne abu na biyu da ke damun Badr ɗin Alhaji. Faranti iri biyu ne a gidajenmu. Akwai mai siffar ƙwai wanda hannunsa ke fitowa daga ƙasa, akwai kuma zagayayye mai zurfi wanda LNB ke tsakiyarsa. LNB ɗin da ya cika kasuwa an yi shi ne domin mai siffar ƙwai, wanda ba shi da zurfi, don haka dubansa matsattse ne. Idan ka ɗora shi a zagayayye mai zurfi, tsakiyar farantin kawai yake gani. A lissafina, a farantin Alhaji abin da zai gani bai wuce faɗin santimita 100 zuwa 110 ba. Sauran ƙarfen da aka biya kuɗinsa yana nan a banza. Ninka faɗin faranti sau biyu yana ninka abin da yake tarawa sau huɗu, to ka auna irin hasarar da ake yi idan mai 180 ya koma aikin mai 110.

Abin da ya dace da tsakiya shi ne LNB na zagayayyen faranti, mai faffaɗan baki da zobba a kewaye, wanda ke ganin farantin har bakinsa. Badr ba shi da ƙarfi a wajenmu, domin haskensa ya fi karkata ga ƙasashen Larabawa da arewacin Afirka, mu muna gefen inuwarsa ne. Shi ya kamata a ba wa tsakiya da LNB mafi kyau.

Sarkin Walda:
Malam, ina girmama iliminka, amma bari in faɗi nawa. Shekara goma sha biyu ina wannan aiki, kuma ban taɓa ɗaukar biro a kan rufi ba. Mukan kafa na tsakiya, mu ɗauki LNB na biyu a hannu da na'urar auna sigina a wuya, mu yi ta yawo da shi a gaban faranti har ta yi ƙara, sannan mu lanƙwasa ƙarfe ya zo wurin. Ina tsoron kada yawan lissafi ya sa masu koyo su ga kamar aikin ya fi ƙarfinsu.

Malam Injiniya:
Ban musa maka ba, Sarki, kuma ni ma da hannu nake ƙarasa nema, domin babu farantin kasuwa da ya zauna daidai da takarda. Amma ka tuna yaron nan ya yini a rana bai samu komai ba. Farantin mai santimita 90 yana ganin kusan digiri 2 na sama a lokaci ɗaya, mai 180 kuwa digiri ɗaya ne tak. A wurin LNB, ɗigon da siginar ke taruwa bai fi girman kwabo ba. Kai da hannunka ya saba za ka same shi cikin minti biyar, amma wanda bai san gefen da zai nufa ba zai iya wuce shi sau ashirin, musamman da yake dikoda takan ɗan jinkirta kafin ta nuna ta kama. Amfanin lissafin shi ne ya ce masa nemi nan, cikin faɗin tafin hannu.

Kawu Mai Dish, Aboabo, Kumasi:
Gaisuwa ga 'yan'uwa na Najeriya da Nijar. Akwai abin da ban ji an taɓa ba, kuma a ganina shi ne ya fi kayar da masu koyo. Duk hoton da za ka gani a jikin kwali, LNB suna jere ne a kwance kamar tsuntsaye a kan waya. Wannan jerin na Turai ne. A nan Kumasi, idan na kafa faranti a kan digiri 28.2, inda tashoshin MultiTV na Ghana suke, ina so in ƙara wani a gefensa, ƙarfen nawa kusan a tsaye yake, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na daɗe ina yin haka kafin in san dalili. Malam Injiniya ya fi ni iya bayani, amma na tabbata a Kano ma ba a kwance zai zauna ba.

Malam Injiniya:
Kawu, Allah ya ƙara girma, ka taɓo zuciyar maganar. Mutumin Jamus yana nesa da tsakiyar duniya, don haka layin taurarin yana bayyana masa ƙasa-ƙasa a kudu, kamar bakan gizo mai faɗi, kuma wurin da yake nema kusan a kwance yake, karkatarsa yawanci ba ta kai digiri 10 ba. Mu kuwa Kano tana digiri 12 ne kawai arewa da tsakiyar duniya, Kumasi ba ta kai 7 ba. Layin yana tasowa daga gabas, ya bi kusan ta saman kanmu, ya gangara yamma, kamar hanyar rana. Duk wanda ya fuskanci gabas ko yamma da farantinsa, layin a tsaye-tsaye zai gan shi. Na lissafa wa Kano: a kan digiri 26 karkatar ta kai digiri 55. A Maraɗi kusan haka ne, 53 zuwa 54. A Kumasi a kan 28.2 ta wuce 75, shi ya sa Kawu ke ganin ƙarfensa a tsaye.

Ga yadda abin zai kasance a rufin Alhaji. Daga Kano, Badr yana kudu maso gabas, digiri 65 sama da ƙasa. Tauraron digiri 16, wato Eutelsat 16A, ya fi shi tsawo, yana wajen 73, kuma ya fi shi matsowa yamma. Faranti madubi ne, yana juya komai: abin da ke sama yana faɗowa ƙasa, abin da ke dama yana komawa hagu. Saboda haka idan ka tsaya a bayan farantin kana duban inda ya fuskanta, LNB na digiri 16 zai zauna ne ƙasa da na tsakiya, kuma ta hagu. Ka auna santimita 12 zuwa ƙasa, santimita 9 zuwa hagu, za ka ga nisan kai tsaye ya zama 15. Daga nan za a fara nema.

Abu biyu kuma. Na gefen kada a bar shi yana kallon gaba kamar na tsakiya, a ɗan karkata bakinsa ya dubi gindin farantin. Sannan murɗa wuyan kowane LNB ya bi karkatar ƙarfen. Tashoshi suna zuwa ne a fuska biyu, ta tsaye da ta kwance, dikoda tana zaɓar ɗaya da wuta mai ƙarfin bolt 13 ko 18. Idan ba a murɗa wuyan daidai ba, fuskokin biyu suna shiga juna, sai ka ga wasu tashoshi sun fito wasu sun ƙi, a ce LNB ne ya lalace alhali murɗi ne bai kai ba.

Ɗan Maraɗi:
To amma Malam, idan na gefen ya yi nisan santimita 15 daga tsakiya a faranti mai zurfi, ba za a yi hasara mai yawa ba? Kuma shi ma mai zobba za a sa masa?

Malam Injiniya:
Za a yi hasara, babu shakka, domin faranti mai zurfi ba ya son a kauce wa tsakiyarsa, siginar tana bajewa maimakon ta taru a ɗigo. Abin da ya cece mu shi ne Eutelsat 16A yana da ƙarfi a yankinmu, ƙananan faranti ma suna kama shi. Kuma a nan ne LNB na kasuwa yake da amfani. Tun da tsakiyar farantin kawai yake gani, kamar an ba shi faranti mara zurfi ne mai mita ɗaya, kuma irin wannan ya fi jure wa kaucewa. Wato abin da yake aibu a tsakiya ya zama alheri a gefe. Mai zobba a tsakiya, na kasuwa a gefe.

Nilesat kuwa, Alhaji, ka cire shi daga wannan lissafin. Yana digiri 7 yamma, tsakaninsa da Badr digiri 33. LNB ɗinsa zai fita sama da rabin mita daga tsakiya, kuma a can babu abin da zai taru. Akwai faranti na musamman mai madubi biyu, Wavefrontier T90, wanda aka ƙera domin ya ɗauki kimanin digiri 40 a jere, amma girmansa na mai santimita 90 ne, ba zai riƙe maka Badr yadda kake so ba. Tsohon farantinka yana nan, kuma yana kan Nilesat. Ka bar shi inda yake.

Baban Hafsa:
Na gamsu da wannan. Saura digiri 28.2, wanda yara suka fi damuna a kansa. Idan santimita 3.5 ake buƙata, shi kuma mai zobba bakinsa ya fi haka faɗi, yaya za a yi?

Kawu Mai Dish:
Mu a nan abin da muke yi shi ne mu samo LNB biyu masu siririn kai, mu cire murfin roba, mu goge gefen kowanne da magagari har su manne da juna, sannan mu rufe da gam. Na yi haka sau da yawa a kan taurari masu kusanci kuma ya yi aiki. Akwai kuma sirara da ake sayarwa, masu wuyan milimita 23 maimakon 40 da aka saba, waɗanda aka yi su domin irin wannan matsi.

Sarkin Walda:
Kawu, a gafarce ni, amma ban goyi bayan gugar ba a irin wannan farantin. Na taɓa yi wa wani maƙwabcina, ya yi aiki duk rani, da ruwan farko ya sauka sai gam ya ɗago, ruwa ya shiga. Da na buɗe bayan sati biyu, cikin ya yi fari da tsatsar alminiyam, ƙaramar allurar da ke ɗaukar sigina ta yi kore. LNB biyu muka zubar a rana ɗaya. Rana tamu ta Maris da Afirilu ba ta barin gam ya zauna.

Malam Injiniya:
Ni damuwata ta wuce ta ruwa. Domin a matsa na 28.2 ya shiga, dole a cire mai zobba daga tsakiya a sa siriri, kuma da an yi haka Badr ya koma cin rabin faranti, alhali saboda shi aka sayi babban. A Kumasi dabarar Kawu tana da ma'ana idan taurarin biyu duka masu ƙarfi ne. A nan ɗaya rarrauna ne, kuma shi ne mai gida. Astra na digiri 28.2 yana da haske na musamman da aka nufo Afirka ta Yamma da shi, ƙaramin faranti ya ishe shi. Kuɗin sirara biyu da wahalar guga sun kusa sayen faranti mai santimita 60 ko 90 da zai zauna shi kaɗai ba tare da ya tauye kowa ba.

Ɗan Maraɗi:
Me zai hana a sa wa babban injin juyawa, LNB ɗaya ya bi dukan taurarin, har da SES-4 na digiri 22 yamma da mutanenmu na Nijar ke kallon Canal+ a kansa?

Sarkin Walda:
Ƙaramin injin da ke cin wuta ta wayar dikoda ba zai ɗauki mai ɓangare shida ba, iskar farkon damina ɗaya za ta cinye haƙoransa. Sai dai jak mai akwatin wutarsa daban, da gindi na musamman. Kuma gidan Alhaji gidan iyali ne. Idan Hajiya tana kallon digiri 16 a ɗakinta, yara suka juya farantin zuwa wani wuri, hotonta ya tafi.

Maman Sadik, Katsina:
Assalamu alaikum. Ina bin wannan muhawara tun farko domin mu ma muna da faranti biyu a gida, kuma duk lokacin da za mu canja sai an cire waya an sa wata. Idan Alhaji ya ƙare da LNB huɗu a faranti uku, yaya za su shiga dikoda ɗaya? Kuma tagwayen da ya riga ya saya, ba za a iya amfani da ido ɗayansa ba?

Malam Injiniya:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Akwai ɗan akwati da ake kira DiSEqC, tsarin da kamfanin Eutelsat ya fito da shi. Mai lamba 1.0 yana da ƙofa huɗu na shiga da ɗaya ta fita, mai lamba 1.1 yana kaiwa har 16. Kowane LNB a ƙofarsa, waya ɗaya ta sauko ɗaki, sannan a shiga saitin dikoda a gaya mata wane tauraro ne a wace ƙofa. A bar nau'in LNB a kan 9750 da 10600, a bar saitin sautin 22 kHz a kan mai sarrafa kansa. Ki sa a rubuta lambar ƙofa a jikin kowace waya da fenti, domin yawancin kiran gyaran da ake yi mana, waya ce aka musanya. A kashe dikoda daga bango kafin a ɗaura ko a kwance waya, domin akwai wuta a cikinta kuma akwatin ba ya jure haɗuwar waya. A rataye shi ƙarƙashin inuwa, bakin ƙofofinsa yana duban ƙasa. Idan talabijin biyu ne, kowace tana buƙatar akwatinta, da LNB masu mafita biyu.

Tagwayen kuma yana da irin wannan makunnin a cikinsa, shi ne ke zaɓar ido. Idan aka haɗa shi a bayan akwatin 1.0, umarni ɗaya su biyun za su ji, sai su riƙa cin karo. Gara a mayar da shi shago a musanya da LNB ɗaiɗai idan sun yarda.

Baban Hafsa:
Jama'a, ga bayanin abin da muka yi jiya da shekaranjiya. Mun sauke farantin muka kife shi a tsakar gida, muka sassauta notin muka sake ɗaurewa kamar yadda Malam ya ce, har zare biyun suka shafi juna. Da muka auna ƙafafun, sai muka ga LNB yana tsaye ne a santimita 71, don haka muka turo shi ciki zuwa 67.5. Na samu mai zobba a kasuwa bayan na zaga shago biyar. Badr ya tashi daga inganci 38 zuwa 71, kuma tashoshin da ba su fito ba a da sun fito.

Mai walda na unguwarmu ya yanka mana ƙarfe mai faɗin yatsa biyu, ya tsaga masa doguwar kafa a tsakiya yadda LNB zai iya zamewa gaba da baya. Da farko ya kawo mai kauri, da muka ɗaura sai na ga ƙafa ɗaya ta ɗan sunkuya kuma Badr ya sauka da maki huɗu, sai muka koma ya yi mara nauyi. Yaron ya riƙe LNB na biyu a wurin da aka auna, 12 ƙasa 9 hagu, bai fi minti uku yana motsa shi ba na'urar ta yi ƙara. Inda ya fi kyau santimita 15.5 ne daga na tsakiya, kuma sai da muka ɗan matso da shi kusa da farantin da kamar rabin santimita. Ingancinsa 62. Hajiya ta kalli shirinta daren jiya.

Na sayi ƙaramin faranti mai santimita 60 domin digiri 28.2, za a kafa shi ranar Asabar a ƙofa ta huɗu ta akwatin DiSEqC. Shagon sun karɓi tagwayen sun ba ni LNB ɗaya da waya yadi goma. Tambayata ta ƙarshe: na ga farantin yana kallon sama sosai, kuma da muka wanke shi ruwa ya kwanta a wajen ɗinkin ƙasa. Yanzu da damina ta kusa, me ya kamata in yi?

Sarkin Walda:
Alhamdu lillahi, Alhaji. Ka duba inda ruwan ya kwanta, ka huda ƙaramin rami ɗaya da bai wuce kaurin ƙusa ba a daidai wurin, ka shafa masa fenti don kada ya yi tsatsa. Ramin da bai kai rabin santimita ba ba ya taɓa sigina. Ka naɗe kowane mahaɗin waya da tef mai mannewa da kansa, ba na masu wutar lantarki ba, kuma ka bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga LNB domin ruwa ya ɗiga a waje. Gindin sandar kuma, idan duwatsu aka danne shi da su, a zuba masa kankare kafin iskar watan Mayu, domin kaucewar rabin digiri ta isa ta ɗauke maka Badr. Idan an gama, ka ja layin fenti a kan sandar da abin da ke riƙe farantin, da kuma kan ƙarfen a gefen LNB na biyu, yadda ko wani abu ya motsa za ka mayar da shi kan layinsa da sufana ba tare da ka kira kowa ba.

Malam Injiniya:
Ƙari ɗaya a kan na Sarki. Maki 62 na digiri 16 a busasshiyar rana aka same shi, don haka a ruwan Agusta shi zai riga Badr ɗaukewa ko su tafi tare. Kafin a ja layin fentin, a zaɓi tasha mafi rauni a kan tauraron, a jiƙa ƙyalle a ɗora a bakin LNB ɗin don siginar ta ragu, sannan a sake motsa shi milimita-milimita da murɗa wuyansa. Idan sigina ta yi ƙasa, dikoda ta fi nuna bambancin ƙaramin motsi. Alhaji, idan an kafa na digiri 28.2 ranar Asabar, ka turo mana hoton ƙarfen daga baya da tef ɗin awo a jikinsa, domin 'yan Kano da Katsina da Maraɗi masu irin farantinka su ɗauki awon kai tsaye.